Kwana Huɗu a Gidan da Ba a Kira Ni Fasto Ba

Tun kafin a yi maganar kuɗi, dattijon da ke kula da gidan hutun ya miƙo hannu ya ce in ba shi waya. Na ba shi babbar. Ya tsaya yana kallona, hannunsa bai sauka ba. Sai na ciro ƙaramar daga aljihun riga, wadda 'yan ikilisiya suke kirana da ita da dare, na ɗora masa. Ya zuba su biyun cikin ambulan, ya rubuta lambar ɗakina a baya, ya kulle a durowa. Ya ce, "Malam, na ba matarka lambar ofishinmu. In gobara ce, za a zo a ƙwanƙwasa maka ƙofa. In ba gobara ba ce, ta jira Juma'a."

Shekara 22 ke nan ina aikin fasto, tara daga ciki a wata ikilisiyar sashen Hausa a nan cikin Jos. Abokan aiki da yawa sun tambaye ni labarin wannan gidan hutu da zaman shiru tun da na dawo, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, da daɗinsa da kuma inda ya gaza. Sunan gidan ne kawai ba zan sa ba, domin Baba, wato dattijon nan, ya roƙe ni kada in baza shi a Facebook. Ɗakuna takwas kawai gare su, kuma ba sa son wurin ya koma filin taro. Wanda yake so da gaske ya same ni bayan sujada, zan kwatanta masa hanya.

Ba ni na nemi zuwa ba. Matata ce ta biya, da kuɗin adashenta.

Duk wanda ya san aikinmu ya san yadda Disamba take cinye mutum. Ɗaurin aure kowace Asabar, wani lokaci biyu a rana ɗaya. Godiyar kaka, bikin Kirsimeti, kwanan coci na shiga sabuwar shekara, rahoton kuɗi na ƙarshen shekara, zaɓen dattawa, taron Zumuntar Mata, na matasa, na mawaƙa, ga jana'iza wadda ba ta duba kalanda. Litinin ce a ƙa'ida ranar hutun fasto, amma a Litinin ɗin ne mai neman kuɗin makarantar ɗa da masu rikicin aure suke sammako, domin sun san ranar za su same ka a gida. Ban taɓa ƙorafi a kan wannan ba, aikin da na amsa kira ne. Abin da ya tsorata ni ya faru ne wani dare a makon farko na Janairu. Wajen ƙarfe ɗaya ƙaramar wayar ta yi ƙara. Na ga sunan wani ɗan ikilisiya wanda na san yaronsa yana kwance a asibiti. Na riƙe wayar a hannu ina kallonta har ta katse. Ban ji tausayi ba, ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na mayar da ita ƙarƙashin filo. Matata ba barci take ba. Da safe ta kawo mini shayi ta ce, "Baban yara, jiya ba kai ne ka kwana a ɗakin nan ba." Bayan kwana goma ta ce in haɗa kaya.

Gidan yana bayan Bukuru, ta hanyar Vom. Daga Terminus da ke tsakiyar Jos, in babu cunkoso, minti arba'in ya ishe ka. Za ka bar kwalta ka bi hanyar ƙasa kamar kilomita biyu, tsakanin gonakin dankalin turawa da shingen ƙerana irin wanda mutanen Berom suke kewaye gona da shi. Ginin tsoho ne, na dutse, da rufin kwano da ya sha fenti ja. Dogayen itatuwan turare sun kewaye shi, kuma in iskar hunturu ta taso, ƙararsu kamar ta ruwan sama mai zuwa daga nesa. Ta baya akwai tsohon kududdufin haƙar kuza, irin waɗanda kamfanonin Turawa suka bari a duk faɗin ƙasar nan, ruwansa kore shar, ba ya motsi. An ja waya an kewaye shi, kuma Baba ya gargaɗe ni tun ranar farko kada in kusanci bakinsa, domin ramukan kuza suna da zurfi fiye da yadda ido yake gani. Gaba da shi sai duwatsu, manya a kan ƙanana, kamar wani ne ya jera su.

Ɗakin ba shi da wani ado. Gado ɗaya mai katifa mai ƙarfi, bargo biyu, tebur, kujerar katako, fitilar sola, da banɗaki a ciki. Babu talabijin, babu rediyo, babu agogon bango. Zanen gado fari ne tas, yana ƙanshin rana. A kan tebur an ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa da Littafin Waƙoƙi, shi ke nan. A ɗan ɗakin karatunsu na tarar da tsohuwar fassarar nan da aka fara bugawa a 1932, irin wadda mahaifina yake karanta mana, bangonta ya sha hannu har ya yi laushi kamar fata. Na biya, ko in ce matata ta biya, naira 18,000 a kowane kwana, har da abinci sau uku.

Dokar gidan guda ce, kuma ita ce ainihin abin da suke sayarwa. Daga bayan abincin dare har zuwa abincin rana na washegari, ba a magana. Ko a teburin karin kumallo, sai dai ka gyaɗa kai. Ƙarfe shida na safe ana buga wani tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya, a taru a ƙaramin ɗakin sujada, Baba ya karanta Zabura ɗaya a hankali, a zauna shiru na minti ashirin, a tashi. Babu wa'azi, babu sanarwa, babu baiko. Mu biyar ne a makon: ni, wani Rabaran mai furfura, wata uwa da na fahimci shugabar Zumuntar Mata ce a wata gunduma, da wasu samari biyu da suka yi kama da ɗaliban makarantar tauhidi. Ban san ikilisiyar ko ɗaya daga cikinsu ba har muka rabu, domin ba a tambaya. Kowane namiji Malam ne a bakin Baba, kowace mace Mama. A ranar farko na ce masa, "Baba, in kuna bukatar wanda zai yi addu'ar abinci, ina nan." Ya ce, "Mun gode, Malam. A nan ci kawai za ka yi."

Wannan magana ta zauna mini a rai. Tun da aka naɗa ni ban shiga wani wuri ba, ko gidan suna ne ko taron ƙauye, da ba a ce Fasto ya buɗe mana da addu'a ba. Na saba da shi har na daina lura. Ga ni a wurin da ba wanda yake bukatar komai daga gare ni, sai na rasa inda zan ajiye hannuwana.

Muna da abin da muke kira ritirit, kuma na halarci da yawa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ritirit ɗinmu taro ne da aka canza masa wuri. Mai jawabi na safe, mai jawabi na rana, tambayoyi, rahoton kwamiti, lasifika, janareta, kowa da wayarsa a kunne a bayan ɗaki. Mukan dawo da gajiyar da ta fi wadda muka tafi da ita. Dutsen addu'a ma da mutanenmu suke hawa, ina girmama shi, na hau sau da yawa, amma a can ma bakinmu ne yake aiki tun daga magariba har asuba. Mun iya gaya wa Allah magana. Zaman sauraro ne ba a koya mana ba, a makarantar Littafi Mai Tsarki ko a gida.

Ranar Litinin da na isa, ban yi komai ba sai barci. Na kwanta bayan abincin rana da niyyar in ɗan miƙe baya, ban farka ba sai da aka buga wilin abincin dare. Na ci, na koma, sai asuba. Ranar Talata ma haka ta kusa tafiya. Hannuna kuwa bai daina zuwa aljihu ba, har sau biyu na ji kamar waya tana motsi a cinyata alhali tana kulle a durowa. Da rana, lokacin da aka yarda a yi magana, na sami Baba yana yanke busassun ganyen fure, na ce masa raina ya ɓaci, an kashe kuɗi in zo in nemi fuskar Ubangiji ga ni ina ta barci. Bai ɗago ba ya ce, "Da Iliya ya gudu jeji, me mala'ika ya fara ba shi?" Ya ci gaba da aikinsa.

Na koma ɗaki na buɗe 1 Sarakuna 19. Na yi wa'azi a kan wannan sura ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma kullum gaggawa nake in kai wurin iska da girgizar ƙasa da wuta da kuma ƙaramar muryar da ta biyo baya. Ban taɓa tsayawa a farkon ba. Annabin da ya gama karawa da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel ya zauna a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Abin da aka yi masa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci waina ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, aka tambaye shi me yake yi a nan. Na rufe littafin na sake kwanciya, wannan karon ba tare da jin laifi ba.

Tun da na ambaci ci, bari in yaba wa uwar da take dafa abinci. Da safe kunun tamba ne mai zafi da ƙosai, ko shayi da dankali da ƙwai. Da rana gwaten acha, da yakuwa da gauta da ɗan ƙashin nama, irin wanda ake sha ana gumi ko cikin hunturu. Da dare tuwon acha ko na masara da miyar karkashi ko ta kuka. Ba ta cika gishiri da magi ba, abin da ya yi wa mai hawan jini irina daidai. Wata safiya ta ajiye mana 'ya'yan sitiroberi guda biyar-biyar a ƙaramin faranti, daga gonakin da ke wajen Vom. Tana da wata ɗabi'a da ba zan manta ba: in ta ajiye maka kwano, sai ta ɗan taɓa gefen tebur da yatsu biyu, a madadin "a ci lafiya" da dokar gidan ta hana ta faɗa. Ranar Laraba da ta ga idona ya kumbura, ta taɓa teburin, ta ɗan jima ba ta ɗauke hannun ba.

Wanda yake tsammani shiru daɗi ne tun daga farko, gara ya sani ba haka ba ne. Da barci ya sake ni, sai hayaniyar da ke cikin kaina ta fito fili. Maganar da wani dattijo ya faɗa mini a taron majalisa tun watan Oktoba, rufin ɗakin Makarantar Lahadi da ba a gama ba, kuɗin makarantar 'yata, wa zai ɗauki wa'azin Lahadi mai zuwa. Sai kuma wani abu da ya fi ba ni kunya a gaban Allah. Duk ayar da na karanta, kafin in kai ƙarshenta na riga na raba ta kashi uku, na samo misali, na san wanda ya kamata ya ji ta a ikilisiya. Na ga ƙadangare yana shan rana a kan dutse, na ciro biro zan rubuta shi a matsayin misalin wa'azi. A nan na gane na yi shekaru ban karanta Littafi Mai Tsarki don kaina ba. Na zama kamar mai tuwo-tuwo da take ciyar da unguwa ita kuwa da ɗanɗanon miya take kwana. Na kai wa Baba biron da littafin rubutuna na ce ya haɗa da wayoyin. Ya karɓa bai ce uffan ba.

Laraba da safe, bayan Zabura, na ɗauki bargo na hau duwatsun. Hazo ya rufe ko'ina, rana kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, kuma a kan dutsen nan a watan Janairu jikinka zai gaya maka haka. Na sami wani lungu da ya kare ni daga iska na zauna. Can ƙasa wata mata tana sheƙar acha, tana ɗaga ƙwarya sama tana zubowa, iska tana kwashe ƙaiƙayi. Ban ji ƙarar komai ba sai ta itatuwan turare da wata kurciya. Ban yi niyyar tuna kowa ba. Sunaye ne suka fara zuwa da kansu.

Duk faston da ya yi aiki a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Ina ƙaramin ma'aikaci lokacin rikicin Satumba 2001. Na ga na Nuwamba 2008, na ga na Janairu 2010, da waɗanda suka biyo baya a ƙauyuka. Ban da wannan ga na ciwo, ga na haɗarin mota, ga mata wajen haihuwa. A kowace jana'iza aikina ne in tsaya da ƙafafuna, in riƙe gwauruwa kada ta faɗa kabari, in ta da waƙa in muryar kowa ta sarƙe, in hana samari ɗaukar fansa. Daga maƙabarta kuma sai gidan biki, domin an riga an sa rana. Ban taɓa zama na yi makokin ko ɗaya daga cikinsu ba. A kan dutsen nan na kira su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na iya tunawa, har da abokina da muka yi makaranta tare wanda ni na yi wa'azin jana'izarsa ban zubar da hawaye ba. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Ban yi wata doguwar addu'a ba. Abin da na iya faɗa bai wuce "Ubangiji, ka gani" ba. Da na sauko an riga an buga wilin abincin rana.

Ban ga wahayi ba, ban ji murya daga sama ba, kuma ba na so wani ya je yana jiran haka. Abin da ya faru shi ne daren nan na tuna da yaron da ke asibiti, sai na ji zuciyata ta motsa. Abin da ya ɓace mini ke nan, kuma ya dawo.

Tun da na dawo nake tunanin yadda muka yi sakaci da wannan abu. Turawan mishan da suka kawo mana bishara sun koyi darasinsa da tsada. Cikin mutum uku na farko na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da suka sauka Legas a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu a shekarar da ta biyo baya, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Waɗanda suka zo daga baya sun gina gidan hutu a Miango, a ƙasar Irigwe, fiye da shekara ɗari da suka wuce, domin ma'aikacin da ya gaji a tashar mishan ya hau tudu ya sha iska ya dawo da ƙarfi. Gidan yana nan har yau. Mun gaji makarantu daga hannunsu, mun gaji asibitoci da littafin waƙoƙi da tsarin majalisa, amma hutun ma'aikaci mun ɗauke shi kamar wani gatan Bature ne. Alhali tun kafin su, a nan Afirka aka fara wannan al'ada. Antoni na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 356, ya bar gari ya shiga hamada don ya kaɗaita da Allah, kuma mutane suka riƙa bin sa can suna neman shawara, domin wanda ya zauna shiru yana da abin faɗa. Ko maƙwabtanmu Musulmi ma, a goman ƙarshe na watan azumi, za ka ga babban ɗan kasuwa ya rufe harkokinsa ya shiga i'itikafi a masallaci, kuma ba wanda yake cewa ya gudu daga aiki.

Mu kuwa in fasto ya ce zai ɓace na kwana huɗu, tambayar farko ita ce wa zai kula da tumaki. Ni ma na yi wa kaina ita. Amma a Markus sura ta 1, bayan Yesu ya warkar da marasa lafiya har dare a Kafarnahum, ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa. Siman da sauran suka bi sawunsa suka ce masa kowa yana nemansa. Wato akwai sauran marasa lafiya a bakin ƙofa lokacin da ya fita. A sura ta 6 kuma, da almajiran suka dawo daga aike, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami sukunin cin abinci ba, shi da kansa ya ce su zo su keɓe su ɗan huta. Surukin Musa, Yetro, ya gan shi yana shari'a daga safe har yamma ya gaya masa kai tsaye cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'ar. Wannan kashi na biyun ne ba ma so mu ji. Faston da ya ƙone a ciki ba shi kaɗai yake shan wahala ba. Matarsa tana sha, 'ya'yansa suna sha, mutumin da ya kira shi ƙarfe ɗaya na dare ma yana sha. Ina roƙon dattawan ikilisiyoyinmu, in kuna tsara kasafin shekara, yadda kuke ware kuɗin man janareta, ku ware na kwana huɗun nan, kuma ku ne za ku ce wa fastonku ya tafi, domin shi ba zai iya buɗe baki ya nema ba.

Yanzu inda gidan ya gaza, domin akwai.

Sanyi ne na farko. Bargo biyu ba su isa ba a Janairu, tagar ɗakina kuma ba ta rufuwa sosai, sai da na cusa tawul a ramin. Ruwan zafi a bokiti ake kawowa, sau ɗaya da safe, kuma ranar Alhamis bai iso ba sai da ya huce. Ga dattijo mai ciwon gwiwa ko sanyin ƙashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar ƙasar ma, na tabbata in damina ta sauka sosai ƙaramar mota za ta sha wuya. Ba su da mai gadi sai ɗaya da dare, ga shingen bai kai ko'ina ba. A halin da muke ciki a Filato ya kamata su ƙara, kuma ina ba kowa shawara ya isa da rana tsaka, kada ya bi hanyar da yamma.

Abin da ya fi damuna ya faru ne ranar Alhamis. Sun karɓi wani kwamiti na mutum kusan ashirin da suka zo taron yini ɗaya. Suka iso da motoci, suka ta da janareta, suka buɗe da waƙoƙi da makirufo, wayoyinsu suna ta ƙara a tsakar gida. Ba laifin baƙin ba ne, ba wanda ya gaya musu. Amma shirun da na yi kwana uku ina tarawa ya watse cikin minti goma, sai da na koma kan dutse. Na gaya wa Baba ra'ayina da yamma. Ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Kuɗin taron nan ne yake biyan albashin masu aiki." Na fahimce shi, amma ban canza ra'ayi ba. In shiru ne kayan da kake sayarwa, to ka tsare shi. Su ware ranakun taro daban, su kuma sanar da mai zuwa tun kafin ya biya.

Sai kuɗin. Ga abincin da ake ci da tsabtar wurin, 18,000 ba tsada ba ce. Amma ina tunanin mai bishara da ke can ƙauye, wanda albashinsa na wata bai kai kuɗin kwana uku a nan ba, wanda kuma ya fi ni bukatar wurin, domin shi ne fasto, shi ne malamin makaranta, shi ne mai kai mara lafiya asibiti a babur. Baba ya ce sukan rage wa irin waɗannan in sun yi magana. To, mutanenmu ba sa magana. Gara a rubuta shi a fili, ko manyan ikilisiyoyin cikin gari su ɗauki nauyin mutum ɗaya ko biyu a shekara. Ni dai na sa wannan a ajandar majalisarmu ta wata mai zuwa.

Wata magana kuma ga 'yan'uwana ma'aikata: wurin nan ba asibiti ba ne. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, ko yake jin rayuwa ta fita masa a rai, ko jininsa yake hawa, ya ga likita, kada ya tafi ya kulle kansa shi kaɗai. Ni ma da ƙwayoyina na hawan jini na je, kuma Baba ya tambaye ni su tun a ranar farko.

Ranar Juma'a bayan karin kumallo ya buɗe durowa ya miƙo mini ambulan, da biro da littafin. Na kunna wayoyin a cikin mota kafin in tayar. Saƙonnin WhatsApp sun taru har na daina ƙirgawa. Na bi su ɗaya-ɗaya. Mataimakina ya gudanar da addu'ar Laraba, ya kuma sasanta wata rigimar mawaƙa da na yi wata biyu ina ɗagawa. Dattawa sun sayi kwanon rufin. Mutum uku sun ji haushi ba su same ni ba, na kira su na ba su haƙuri. Daga Bukuru ban wuce gida ba, na tsaya na sayi lemo da ayaba na nufi gidan mutumin da ya kira ni a daren nan. An sallami yaron, yana wasa a tsakar gida. Na gaya wa uban gaskiya, cewa na ga kiransa ban ɗauka ba, na roƙe shi gafara. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba Fasto, ai kai ma mutum ne." Muka zauna a kan benci kusan awa ɗaya.

Na riga na kama ɗaki na makon da ke bayan Ista, wannan karon guda biyu, domin matata ma shekara 22 take ɗauke da ikilisiya ba tare da an naɗa ta ba. Na roƙi a ba mu ranakun da babu taro. Mai niyyar zuwa ya riƙe rigar sanyi mai kauri, da hula da safa, da tocila, da maganinsa in yana sha, ya kuma bar wa iyalinsa lambar ofishin gidan kafin ya fito.